Kurakuran da Suke Kashe Ƙaramar Mota Tun Kafin Lokacinta

Ƙaramar mota irin su Corolla, Civic, Golf ko Peugeot 206 ita ce abin hawan ma'aikaci da ɗan kasuwa da malamar makaranta, kuma a mafi yawan gidaje sai an yi shekaru ana tari ko ana zubin adashi kafin a kai ga mallakarta. Abin da yake damuna shi ne yadda motar da aka ƙera domin ta yi tafiyar kilomita dubu ɗari uku ko fiye take zama kwantai a gareji bayan shekara biyu ko uku a hannunmu. Akan ɗora laifin a kan munanan hanyoyi da zafin rana, kuma suna da nasu kason, amma mafi yawan ɓarnar tana fitowa ne daga wasu al'adu da muka gada a gareji da bakin titi, waɗanda ba su da tushe a littafin da kamfanin motar ya rubuta.

Ranar ciniki

Kuskuren farko shi ne mutum ya zuba duk abin da ya tara a kan farashin motar, ya koma gida ba shi da ko na juyen mai. Motar hannu, ko ta Kwatano ce ko wadda aka yi amfani da ita a gida, tana zuwa da bashinta: taya, batir, birki, shokozoba, canjin suna a takardu da inshora. Wanda yake da kuɗin Corolla ta 2010 cif-cif, gara ya sayi ta 2006 mai lafiya ya ajiye ragowar domin waɗannan buƙatu. Haka kuma ya kamata ya leƙa Ƙofar Ruwa idan a Kano yake, ko Panteka idan a Kaduna yake, ya tambayi kuɗin kayan gyaran motar da yake sha'awa kafin ya biya, domin akwai motoci masu arhar saye waɗanda firikwensinsu ɗaya sai an aika Legas an jira mako biyu.

Kuskure na biyu shi ne cinikin biri a sama, wato sayen mota a kan hoto ko a kan maganar dillali. Dillali la'adarsa yake nema, kuma sabon fenti da kujeru masu ƙamshi ba sa faɗin komai game da inji. A je da bakanike wanda mai saye ne ya ɗauko shi, a je da safe kafin a tayar da motar, saboda injin da ya kwana shi ne yake tona asirin kansa ta hanyar ƙara da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi alama ce ta inji mai shan baƙin mai, farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa kuma yana nuna ruwa na shiga silinda. A buɗe murfin baƙin mai a duba. Idan aka ga wani abu mai kama da madarar da ta haɗu da shayi, akwai yiwuwar gasket, wato shimfiɗar da take tsakanin kan silinda da jikin inji, ya ƙone. Idan aka murɗa makulli kafin a tayar, dole ne fitilun gargaɗi na allon mota su kama gaba ɗaya sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta domin a ɓoye matsala, kuma na'urar gwaji ta kwamfuta za ta bayyana gaskiya cikin mintuna kaɗan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Motocin da suka fito daga Amurka suna da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17 a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma da ita ake binciken tarihin motar a intanet: ko ta taɓa yin mummunan haɗari, ko ambaliya ta taɓa cinye ta, da nisan tafiyar da aka rubuta mata a can. Motar ambaliya ita ce mafi sharri, domin wayoyinta ba sa daina ba da wahala. A ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. A kuma tuna cewa agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, saboda haka wadda ta nuna 150,000 ta yi tafiyar kilomita 240,000 ke nan, idan ma ba a mayar da agogon baya ba.

Batun takardu ba ya buƙatar dogon bayani, amma yana iya raba mutum da motarsa a rana ɗaya. A watan Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motoci da yawa sun ci gaba da shigowa ta ɓarauniyar hanya da takardun kwastam na jabu. A tantance takardar biyan harajin a ofishin kwastam, a tabbatar lambar da take jikin motar ita ce a takarda, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu. Inshorar da ake kira ta mutum na uku, wadda take biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani, ta koma Naira 15,000 ga motar gida tun daga Janairun 2023, don haka wanda aka yi wa ita a kan kuɗi ƙasa da haka ya bincika da kyau, mai yiwuwa takarda ce kawai aka buga masa.

Baƙin mai

A nan ne aka fi yin asara ba tare da an sani ba. An saba da cewa ƙasarmu akwai zafi, saboda haka sai mai mai kauri, wato 20W-50, ake zuba wa kowace mota. Wannan magana ta dace da zamanin Peugeot 504, amma injinan da aka ƙera daga wajen shekarar 2000 zuwa yau hanyoyin mansu ƙanana ne ƙwarai, kuma da yawansu suna amfani da matsin man wajen sarrafa lokacin buɗewa da rufewar bawul. Mai mai kauri yana jinkirin isa saman inji a daƙiƙun farko bayan an tayar, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe, sannan yana ƙara shan fetur. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da aka yi wa kasuwar Amurka 5W-30 aka rubuta mata, waɗanda suka biyo baya kuma sun fi haka tsinkewa. Amsar tana rubuce a kan murfin man ko a littafin motar, kuma idan littafin ya ɓata ana samunsa a intanet. Idan inji ya tsufa har ya fara shan mai, ana iya hawa mataki ɗaya na kauri bisa shawarar bakanike masani, amma hakan ba dalili ba ne na zuba wa lafiyayyen inji abin da ba nasa ba.

Sai kuma lokacin juye. Wasu suna jira har man ya ƙare su ƙara wani a kai, wasu kuma suna canza mai su bar tsohuwar matata domin su rage 'yan kuɗi kaɗan. A yanayi irin namu na ƙura da cunkoso da gajerun tafiye-tafiye, juye a kowane kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, shi ne abin da ya fi kwanciyar hankali, tare da sabuwar matata a kowane karo. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, don haka mai mota ya sayo da kansa a wurin da ya amince da shi, ya duba hatimin galan, ya tsaya a zuba a gabansa. Man giya ma haka ne: motar da take canza giya da kanta tana da nau'in man da aka keɓe mata, na Toyota daban, na Honda daban, kuma zuba kowane jan mai da aka samu a kanti yana daga cikin manyan dalilan mutuwar giya.

Cire tamostat

Wannan al'ada ce da nake fatan a daina ta baki ɗaya. Da zarar mota ta iso daga waje, sai a ce wa mai ita a cire mata tamostat a kuma haɗa fanka kai tsaye, wai an yi su ne domin ƙasashen sanyi. Tamostat ƙaramar ƙofa ce da take hana ruwa zagayawa cikin lagireto har sai injin ya ɗumama, kuma a motoci da yawa tana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, domin an tsara injin ya yi aiki a kusa da digiri 90. Idan aka cire ta, injin yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubar hunturu ko a doguwar hanya, kwamfutar motar kuma tana ɗauka cewa har yanzu a sanyaye yake, sai ta ci gaba da ƙara masa fetur. Sakamakon shi ne yawan shan mai, filogi masu baƙi, da fetur da yake wanke man da ke jikin silinda. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ɓarna ta zama abin da aljihu yake ji a kowane mako. Fankar da aka haɗa kai tsaye kuwa tana juyawa ba hutu, ta gajiyar da batir da kanta, kuma ranar da ta mutu, idan direba bai lura da allurar zafi ba, babu abin da zai sanar da shi sai tururi. Irin waɗannan motoci suna yawo a ƙasashen Larabawa masu zafin da ya kai namu da tamostat ɗinsu a ciki. Idan mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko tamostat ɗin ce ta maƙale, wadda maganinta shi ne a sa sabuwa.

Ruwan da ake zubawa shi ma abin lura ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri da ƙasa waɗanda suke daskarewa su toshe ƙananan bututun lagireto, kuma tsurar ruwa yana sa tsatsa. Ruwan sanyaya inji na kanti, mai launin kore ko ja, yana hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa. Idan allurar zafi ta haura, a tsaya nan take a kashe mota, kada a ce bari a ƙarasa gida, domin tafiyar minti biyar a wannan hali tana iya ƙona gasket ta lanƙwasa kan silinda. Kada kuma a buɗe murfin lagireto yana da zafi; mutane da yawa sun ƙone a fuska da hannu ta wannan hanya.

Taya, birki da sauran abin da rai ya rataya a kansu

Tayar gwanjo tana iya zuwa da zanenta raɗau alhali robarta ta bushe. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi a watan Afrilu, da kaya da gudu, ita ce take fashewa a hanyar Kano zuwa Zariya ko ta Kaduna zuwa Abuja. Mai faci kuma sau da yawa yakan cika iska har 45 ko 50, alhali mafi yawan ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 suke buƙata, kuma an liƙa adadin a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Iska mai yawa tana cinye tsakiyar taya ta rage riƙon ƙasa, mai ƙaranci kuma tana zafafa ta. A sayi ƙaramin ma'aunin iska a ajiye a mota, a auna da safe, har da safaya.

Birki idan ya fara kuka, takalminsa ne ya kusa ƙarewa, kuma jinkiri zai sa a sayi faranti bayan takalmi. Man birki yana tsotsar danshi a hankali, shi ya sa ake so a canza shi duk bayan shekara biyu. Masu Peugeot 206 da 406 da tsofaffin Golf su sani cewa bel ne yake daidaita motsin fistin da bawul a injinsu, ba sarƙa ba, kuma idan bel ɗin ya tsinke ana cikin tafiya, fistin yana iya dukan bawul ya lanƙwasa su. Wanda ya sayi irin wannan mota bai san ranar da aka canza bel ɗin ba, ya canza shi a makon farko.

Lokacin hunturu matatar iska tana cika da ƙura cikin ɗan lokaci, kuma busa ta da iskar mai faci ba ya mayar da ita sabuwa, wani lokacin ma yana huda ta. Yawo da tanki kusan a bushe yana gajiyar da famfon fetur, domin man da yake nutse a ciki shi ne yake sanyaya shi, kuma fetur ɗin 'yan bumburutu sai dai idan lalura ta kama. Akwai kuma wani ɓangare a jikin salansa da masu gyara suke kira indomi, wanda yake tace hayaƙi. Yana da tsada saboda ƙarafa masu daraja da suke cikinsa, shi ya sa ake yawan ba da shawarar a cire shi ko a sace shi a gareji. Mai mota ya san yana nan kafin ya bar motarsa, ya kuma duba bayan ya karɓa.

Dangantaka da bakanike ita ma tana da nata kuskuren, kuma ba kullum laifin yake wajensa ba. Mai mota da yake yawo daga gareji zuwa gareji yana neman wanda ya fi arha, ko yake matsa wa bakanike ya yi dabara maimakon a sayi abin da ya lalace, shi ne yake koya masa aikin jeka-na-yi-ka. A zaɓi mutum ɗaya da ya ƙware a irin motar, a biya shi haƙƙinsa, a nemi ya gwada da na'ura kafin ya fara canje-canje bisa zato, a kuma karɓi tsohon kayan da aka cire. Sannan a ajiye ƙaramin littafi a aljihun mota, a riƙa rubuta kwanan wata da adadin kilomita da abin da aka canza da nau'in man da aka zuba, domin da shi ne za a san lokacin juye na gaba, kuma ranar da aka tashi sayar da motar, mai saye zai ga tarihinta a rubuce.