Yadda ake rubuta ƙagaggen labarin tarihi a kan Yahudawan da suka ɓoye addininsu a Sifaniya da Fotugal

Marubucin da ya yi niyyar ba da labarin Yahudawan da aka tilasta wa shiga addinin Kirista, waɗanda suka ci gaba da bin addinin kakanninsu a asirce, yakan fara ne da hango wutar da aka hura a dandali da kurkukun da ake gana wa mutane azaba. Waɗannan abubuwa sun faru, amma a ganina ƙarfin labarin yana cikin madafa da ɗakin kwana, inda uwa take auna ko ɗiyarta ta yi hankalin da za a faɗa mata asalin gidansu ba tare da bakinta ya suɓuce a gaban maƙwabta ba.

Mataki na farko shi ne a tsayar da shekara da gari tun kafin a raɗa wa kowa suna, domin halin da mutanen suke ciki ya sha bamban daga zamani zuwa zamani. A shekarar 1391 aka yi wa Yahudawa kisan gilla da ya faro daga birnin Ishbiliya na Sifaniya ya bazu zuwa wasu garuruwa, dubbai suka karɓi baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, don su tsira da rayukansu. A 1478 Paparoma Sixtus na Huɗu ya ba Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella na Sifaniya izinin kafa kotun binciken aƙida, aka fara ƙona waɗanda ta yanke wa hukunci a Ishbiliya a 1481. Ranar 31 ga Maris 1492 aka fitar da dokar korar duk Bayahuden da ya ƙi sauya addini, aka ba su zuwa ƙarshen Yuli su fice. Da yawa suka tsallaka Fotugal, sai a 1497 Sarki Manuel ya sa aka yi musu baftisma ta ƙarfi, kuma ba a kafa kotun binciken a can ba sai 1536. Saboda haka tsohuwar da ke Lisbon a 1510 ta taso ne a cikin majami'ar Yahudawa kuma ta haddace addu'o'inta, alhali jikar jikarta a 1620 ba ta taɓa ganin malamin addininta da ido ba.

Mataki na biyu shi ne a san yadda kotun take aiki, domin a nan ne tsoron labarin yake fitowa. Hurumin kotun ya hau kan wanda aka yi wa baftisma ne, don haka laifin da ake tuhumar mutum da shi shi ne komawa addinin da ya bari. Idan masu binciken suka sauka a gari, akan karanta sanarwa a coci mai ɗauke da jerin alamomin da za a gane mai ɓoye Yahudanci, a kuma umarci kowa ya kawo rahoton abin da ya gani. Ba a faɗa wa wanda aka kama sunan wanda ya kai ƙararsa, ana riƙe dukiyarsa tun ranar kamu, kuma ba a yarda da tubansa sai ya ambaci sunayen waɗanda suka yi ibada tare da shi, waɗanda galibi mahaifiyarsa ce da 'yan uwansa. Wanda aka yanke wa hukunci yakan sa wata riga ta wulaƙanci da ake kira sambenito, daga baya a rataye ta a cocin unguwa da sunansa a jiki, jikokinsa su riƙa ganinta duk Lahadi. Magatakardan kotun sun rubuta komai dalla-dalla, kuma dubban shari'o'in suna nan a ma'ajiyar Torre do Tombo da ke Lisbon da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Madrid, inda za a tarar da muryar kuyanga da ta ɗinki da ta mahauci kamar jiya suka yi magana.

Mataki na uku, wanda ya fi cancantar a ba shi lokaci, shi ne gina gidan. Marubuci ya ɗauki wancan jerin alamomin ya mayar da kowace ɗaya abin da wani yake yi wani kuma yake kallo. Matar gida tana sauya zanen gado da tufafi ranar Juma'a, tana kunna fitila kafin faɗuwar rana a wurin da haskenta ba zai leƙa waje ba, tana ɗora tukunya a kan garwashi ta kwana domin kada a hura wuta ranar Asabar. Tana soya abinci da man zaitun maimakon kitsen alade, tana jiƙa nama da gishiri don jinin ya fita, tana cire jijiyar cinyar rago. Idan wani ya zo gargara, akan juya fuskarsa wajen bango. Duk waɗannan suna faruwa ne a gaban 'yar aikin da aka mara jiya da safe, ko surukar da ba a yarda da ita ba, ko yaro ɗan shekara shida da ba ya iya riƙe magana. Idan maƙwabciya ta aiko da kwanon naman alade ranar biki ta tsaya tana jiran a ɗanɗana a gabanta, marubuci ya sami babi guda cikakke ba tare da an zare takobi ba. Ya kuma kula da cewa mutanen gida ɗaya ba su zama kan ra'ayi ɗaya ba: akwai wanda ya karɓi addinin Kirista da zuciya ɗaya har ya zama limamin coci, akwai wanda bai damu da ko wanne ba sai kasuwancinsa, kuma dokokin tsarkin jini, masu ware duk wanda ya fito daga zuriyar Yahudawa, da suka faro a Toledo a 1449 ba su bambanta su da mai ɓoyewa ba wajen hana muƙami.

Mataki na huɗu shi ne a bar addinin ya ƙanƙance yadda ya ƙanƙance a gaske. Littattafai sun ɓace, harshen Ibrananci ya gushe sai 'yan kalmomi, kaciya ta zama shaidar da za ta iya kashe mutum, sai azumi ya yi ƙarfi tunda shi ne ibadar da ba a gani, musamman azumin Esta, sarauniyar da ita ma ta ɓoye asalinta a fada. Mata ne suka riƙe abin da ya rage, kamar yadda injiniyan ma'adinai Samuel Schwarz ya tarar a garin Belmonte na Fotugal a 1917, inda tsofaffin mata suke jagorantar addu'o'i da harshen Fotugal. Mai karatu Musulmi zai gane wannan hali da sauri, domin Musulmin Andalus ma an tilasta musu baftisma bayan faɗuwar Garnaɗa, har wani malami ya ba su fatawa daga Oran a 1504 cewa su ɓoye ibadarsu.

Mataki na biyar shi ne hanyar gudu, kuma a nan kuɗi da takarda da jirgin ruwa ne ke yanke hukunci. Attajira Gracia Mendes Nasi, wadda aka haifa a Lisbon a 1510, ta bi ta Antwerp da Venis da Ferrara kafin ta isa Santambul a 1553, kuma ta yi amfani da harkar kasuwancin gidansu wajen fitar da mutane da dukiyoyinsu. Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ya karɓi korarrun 1492, Salonika ta cika da su, wasu suka nufi Fas, daga baya Amsterdam ta zama mafaka. Ba kowace hanya ce ta kai ga tsira ba: an ƙone wasu a Ancona a 1556, kuma Luis de Carvajal ƙarami ya tarar da kotun a Mekziko, inda aka ƙone shi tare da mahaifiyarsa da 'yan uwansa mata a 1596.

Mataki na ƙarshe shi ne kada a rufe labarin a bakin tashar jirgin ruwa. Mutumin da ya sauka a Amsterdam yana da shekara arba'in, da sunan Kirista da al'adar durƙusawa a coci, zai tarar da malaman da za su gaya masa cewa rabin abin da kakarsa ta koya masa ba haka yake a shari'arsu ba, a yi masa kaciya, a zaunar da shi yana koyon baƙaƙe kamar yaro. A bar masa babi ɗaya ko biyu a can, tare da wasiƙar da yake son aika wa ƙanwarsa da ta rage a Lisbon, alhali ya san idan wasiƙar ta faɗa hannun masu bincike ita ce za ta zama shaida a kan ƙanwar tasa.