Hitar gas ta wurin ninƙaya tana yoyo: kurakuran da aka fi yi wajen gano matsalar da gyara ta

Hitar gas mai ɗumama ruwan wurin ninƙaya ba ta yawaita a wajenmu ba. Sai a manyan otal da gidajen masu hali, musamman a gari mai sanyi irin Jos, inda ruwa ba ya shiguwa idan hunturu ya kankama. Fitattun cikinsu, irin su Hayward da Pentair da Raypak da Jandy, ƙirar kamfanonin ƙasashen waje ne, kuma sau da yawa kayan gyaransu sai an yi oda daga waje. Saboda haka mai gyaran da ya yi gaggawar yanke hukunci yana iya sa maigida ya kashe kuɗi masu yawa, ya jira makonni, a ɗaura sabon kaya, ruwa kuma ya ci gaba da ɗiga.

Cikin hitar ba shi da wuyar fahimta. Akwai inda wuta ke ci, akwai kuma jerin bututan jan ƙarfe masu fiffike, kamar lagireton mota, waɗanda ruwa ke ratsawa yana ɗaukar zafi. A gefe akwai murfin da ke tara bakunan bututan, an ɗaure shi da notuna, da gaskit ko zoben roba a tsakani. A jikin wannan murfin ne bututun shiga da na fita suke, da marufin tsiyaye ruwa, da na'urorin auna zafi da ƙarfin ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya yoyo, kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Kafin a taɓa komai

Mutane kan ce hita tana yoyo su manta cewa abu biyu ke gudana a cikinta, ruwa da gas. Idan ka ji warin gas, ka ajiye maganar ruwa tukuna. Rufe gas daga tukunya, kada ka taɓa makunnin lantarki, kada kowa ya ƙyasta ashana. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, ɗakin injin wurin ninƙaya kuwa yawanci a gangare yake ko a cikin rami. Ana gwada mahaɗar bututun gas da kumfar sabulu, inda ya yi ƙwai nan ne yake fita. Gyaran ɓangaren gas aikin wanda ya koye shi ne, ba na kowane mai gyaran famfo ba.

Ko aikin ruwan ne, a kashe wutar injin tura ruwa daga babban makunni, a bari hitar ta huce, a buɗe bawul ɗin iska da ke saman filta don matsin ya sauka. Idan ɗakin injin yana ƙasa da tsayin ruwan, a rufe bawul na shiga da na fita, in ba haka ba ruwan wurin ninƙayar ne zai malalo cikin ɗakin.

Ɗaukar zufa a matsayin yoyo

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗi a banza. Gas idan ya ƙone yana haifar da tururin ruwa mai yawa: kilo 1 na furofen, wani nau'in gas ɗin tukunya, yana ba da kusan kilo 1.6 na ruwa. A ka'ida tururin ta bututun hayaƙi yake fita. Amma idan ruwan da ke ratsa bututan yana da sanyi sosai, kamar wanda bai kai digiri 20 ba, sai tururin ya koma ruwa a jikinsu, ya riƙa ɗiga kan wuta, har ka ji ƙarar saukarsa, ka ga danshi a ƙasan hitar. Wanda bai sani ba sai ya ce bututu ya ɓule.

Bambance su ba shi da wahala. Kashe hitar, ka share ko'ina ya bushe, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, sannan ka bar injin tura ruwa yana aiki shi kaɗai na tsawon awa ɗaya ko biyu. Idan kwalin ya jiƙe alhali ba wuta, yoyo ne na gaske. Idan kuwa sai an kunna wuta yake ɗiga, kuma yana raguwa yayin da ruwan ke ɗumi, zufa ce. Akwai gwaji na biyu: tari ɗigon a kofi mai tsabta ka tsoma takardar gwajin kulorin. Ruwan wurin ninƙaya yana da kulorin, zufa ba ta da shi.

Sai dai zufar ma ba abin rainawa ba ce idan ta daɗe, domin tana da tsami, tana cin ƙarfe, tana tara kunkunniya. Galibi hakan na faruwa ne idan hitar ta yi wa ruwan ƙanƙanta, ko bawul ɗin cikinta mai daidaita zafin ruwa ya lalace, ko kuma ana barin ruwan a buɗe da dare ba murfi yana ta hucewa.

Kama inda ruwa ya sauka, a bar inda ya fito

Ruwa yana bin jikin ƙarfe ya yi tafiya kafin ya ɗiga. Cire ƙofar gaba da ta gefe, ka ɗauki tocila, ka faro daga sama kana gangarowa. Duba mahaɗar bututun shiga da na fita, da marufin tsiyaye ruwa, da siririn bututun na'urar auna ƙarfin ruwa, sannan gefen murfin inda gaskit yake. Farin busasshen abu ko kore-kore a jikin noti alama ce ta tsohon yoyo. Da yawa daga cikin matsalolin a nan suke tsayawa, kuma zoben roba guda ne maganinsu. Sai an wanke duk waɗannan daga zargi sannan a tuhumi bututan jan ƙarfen, waɗanda su ne mafi tsada.

Akwai masu ganin bawul ɗin rage matsi yana ɗiga su cire shi su toshe ramin. Wannan ganganci ne da rayukan mutane. Ko dai bawul ɗin ya tsufa ne, a sa sabo mai lamba iri ɗaya, ko kuma aikinsa yake yi saboda an rufe wani bawul a bututun da ruwa ke fita daga hitar.

Ɗauri da ƙarfi, da maiƙon da bai dace ba

Murfin hitocin zamani da yawa na roba ne mai tauri. Mai gyara ya ga ɗigo sai ya sa sifana ya ƙara murɗawa, murfin ya tsage, ƙaramin gyara ya zama babba. Idan gaskit ya mutu ɗauri ba ya tashinsa. A canza shi, a goge mazauninsa, a ɗaure notunan kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, gwargwadon abin da littafin hitar ya faɗa. Zoben roba kuma maiƙon silikon ake shafa masa. Basilin da giris na mota suna kumbura roba su lalata ta. Shi ma maganin toshe yoyo da ake zubawa a ruwa, da gam da ake shafawa a waje, ba sa jure zafin wuta, kuma suna iya toshe hanyoyin ruwa.

Canza bututai ba tare da tambayar abin da ya ci su ba

A ganina nan ne ainihin matsalar take. Jan ƙarfe ba ya ɓulewa haka kawai. Abin da ya fi kashe shi ruwa ne mai tsami. Ma'aunin pH, wanda ke sauka idan tsamin ruwa ya ƙaru, ya kamata ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8, jimillar alkali tsakanin 80 da 120, sinadarin kalsiyam kuma tsakanin 200 da 400 a ma'aunin ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Idan pH ya daɗe a ƙasa, ruwan yana narkar da bututan daga ciki, za ka ga shuɗi-shuɗi ko kore a bangon wurin ninƙayar. Wanda ya ɗaura sababbin bututai ya bar ruwan yadda yake zai sake sayen wasu ba da daɗewa ba.

Ɗabi'ar da ta fi ɓarna ita ce jefa ƙwayoyin kulorin a kwandon da ke tsotsar dattin saman ruwa. Irin ƙwayar nan mai narkewa a hankali tana da tsami ƙwarai, pH ɗinta yana wajen 3. Da an kashe injin tura ruwa sai ta ci gaba da narkewa a ruwan da ke tsaye, da safe kuma wannan ruwan ne zai fara shiga hitar. Haka ma zuba asid a wurin. Na'urar zuba kulorin a bututun da ruwa ke fita daga hita ake ɗaura ta, tare da bawul mai hana ruwa komowa baya a tsakaninsu. Idan wurin ninƙayar na ruwan gishiri ne, bututan da aka haɗa da nikel sun fi jurewa, kuma dole a haɗa jikin hitar da wayar da ke haɗe sauran ƙarafan wurin.

Ɗaya gefen kuma ruwa ne mai yawan kalsiyam, wanda wasu rijiyoyin burtsatse ke bayarwa. Shi farin ɓawo yake dasawa a cikin bututan, zafi ya kasa wucewa, ƙarfen ya ƙone, ka ji hitar tana ƙwanƙwasa. Ruwa mai gudu fiye da kima shi ma yana cinye bangon bututu, maganinsa a yi wa wani kaso na ruwan hanyar zagaye.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wato ɗauke wuta. Idan injin tura ruwa ya tsaya hitar tana tsaka da aiki, ruwan da ya rage a ciki yana iya tafasa da sauran zafin, ya gasa gaskit, ya lanƙwasa murfin roba. Ba ka da iko da ɗauke wuta, amma kana da iko da lokacin kashe janareto: kashe hitar tukuna, ka bar ruwa yana zagayawa kamar minti 15, sannan ka kashe injin.

Idan an tabbatar bututan ne suka ɓule, walda ba ta cika riƙewa ba, domin ramin da ka gani ɗaya ne cikin wurare da yawa da suka yi siriri. A duba abin da ruwan ya yi wa mazaunin wuta da ƙasan akwatin hitar. Kunkunniyar da ta taru a jiƙa ta kafin a goge da burushi mai laushi, saboda busasshiya tana iya kamawa da wuta, kuma idan ta toshe hanyar hayaƙi hitar na fitar da iskar kabon monoksaid, mai kisa ba tare da wari ba. Hitar da ta doshi shekara 10, tsatsa ta ci ƙasanta, a kwatanta kuɗin bututan da na aiki da kuɗin sabuwa kafin a yi oda. Wadda aka gyara kuma a sake yi mata gwajin kwalin nan, da farko ba wuta, sannan da wuta, kafin a mayar da ƙofofin.