Yadda na mayar da ƙaramar Hilux ta roba motar Agadas

Ƙanena ya kawo mini ita daga Yamai, mai sikeli 1/24, wato motar gaske ta ninka ta tsawo sau 24. Na ce sai ta koma irin motocin da ke tashi daga tashar Tawa zuwa Agadas.

Fara goge jikinta da sanfefa mai lamba 600, in ba haka ba fenti ba zai kama ba. Lanƙwasa wayar tagulla ka yi ƙarafunan ɗaura kaya a baya, ka manna da Super Glue. Buhunan gero kuwa, tsumma nake ɗura wa yashi, in ɗaure da zare. Ƙura? Jar ƙasa, niƙa ta lilis, shafa da tsohon buroshin haƙori.

Amma in ka yi mata fenti, kada ka shanya ta a rana. Ta farkon da na yi, a watan Afrilu, rufinta ya lanƙwashe kamar dafaffiyar taliya.