Yadda ake raba iskar kwamfuresa da ruwa da datti

Iskar da kwamfuresa, wato injin matse iska, ke zuƙa tana ɗauke da danshi. Idan aka matse ta tana fitowa da zafi, da zarar ta huce kuma sai danshin ya koma ruwa a cikin bututu. Daga nan tsatsa ke farawa, bawul ya riƙa maƙalewa, fentin da aka fesa da iskar ya fito da tabo.

A fara da na'urar sanyaya iska a bakin kwamfuresa, sai marabar ruwa, sannan tanki. A buɗe magudanar ƙasan tanki kullum. Idan mai sarrafa kanta ce, a riƙa gwada ta da hannu, domin laka na toshe ta ba tare da an ankara ba.

Sauran danshin kuma na'urar busar da iska ce ke cire shi. Mai aiki kamar firiji tana sauko da matakin raɓa, wato sanyin da danshin iska ke fara komawa ruwa a cikinsa, zuwa wajen digiri 3 na Selshiyas, kuma ta wadatar da yawancin ayyuka. Inda bututu ke bi ta waje mai ƙanƙara, ko aikin haɗa magani, sai mai ƙwayoyin alumina masu tsotse danshi, wadda ke kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili. Amma man kwamfuresa da ke biyo iska yana kashe ƙwayoyin nan, don haka dole a sa filta mai kama ɗigon mai, mai maikiron 0.01 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a mashigarta, da ta ƙura a mafitarta. Tururin mai kuwa sai filtar gawayi.

A ɗan karkata babban bututu zuwa magudana, a riƙa ɗaukar reshe daga samansa, ba ƙasa ba. Ruwan da aka zubar yana da mai, sai an tace shi kafin ya shiga kwata.