Yadda Za Ka Zaɓi Wurin Aikin Kwamfuta a Unguwannin Gefen Abuja

Duk mai zama a Mararaba, Nyanya, Kubwa ko Lugbe ya san abin da shiga gari ke ci: kuɗin mota safe da yamma, ga cunkoson da ke tsakanin shataletalen AYA da Nyanya wanda kan lashe awa guda ko fiye a ranar aiki. In aikinka a kwamfuta yake, ba dole sai ka je Wuse ko Maitama ba. Kana iya gyara wani lungu a gida, ko ka kama tebur a ofishin haɗaka, wato wurin da mutane daban-daban ke biyan kuɗin kwana ko na wata su zauna su yi ayyukansu. Ko wanne ka ɗauka, wuta da intanet kake saye. Kujera mai juyawa da fentin bango daga baya suke zuwa.

Fara da wuta. An kasa layukan lantarki rukuni biyar, A zuwa E. Alƙawarin da aka yi wa rukunin A shi ne aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4, kuma tun watan Afrilun 2024 kuɗin rukunin A ya yi tsalle sosai. Wannan a takarda ke nan. In kana son sanin gaskiyar layin, tambayi mai sayar da ƙanƙara ko mai cajin waya da ke kusa da ginin, domin su ne ke ƙirga awannin wuta da aljihunsu.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: me ke faruwa a daƙiƙar da aka ɗauke wuta? Wurin da ya dogara da janareta kaɗai yana da giɓi tsakanin ɗaukewar wuta da tashin inji. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba za ta mutu ba tunda tana da batir, amma rauta, wato na'urar da ke raba intanet, za ta mutu, kuma kafin ta farfaɗo ta sake kama sabis sai a yi minti biyu ko uku. A tsakiyar ganawa da wanda ya ba ka aiki, wannan ya isa ya ɓata maka suna. Wuri nagari shi ne wanda rautarsa ke kan inbata, wato na'urar da ke ba da wuta daga batir nan take in an ɗauke wuta. Kada ka ji nauyin roƙon mai kula da wurin ya kashe babban makunni a gabanka, ka zuba wa fitilun rautar ido. In sun ɗauke, ka samu amsa. Ka kuma tambaya ko janareta na da awannin hutu, saboda tsadar dizal kan sa wasu su kashe shi da tsakar rana.

Sai intanet. Kada ka gwada shi da sassafe lokacin da ba kowa. Je ranar Talata ko Laraba tsakanin ƙarfe 2 da 4 na rana, sa'ad da tebura suka cika, ka buɗe Speedtest ko fast.com, masu auna saurin intanet, a kan kwamfutarka. Yawancin mutane saurin saukewa kawai suke dubawa, alhali saurin aikawa ne ke riƙe hotonka da muryarka. Zoom na buƙatar kusan megabit 4 a daƙiƙa wajen aikawa don bidiyo mai tsabta a taron mutane da yawa, don haka nemi 5 zuwa sama. Jinkirin saƙo, wanda manhajar ke nunawa da sunan ping, in ya haura milisakan 150 za ku riƙa cin karo da juna a magana da wanda kuke ganawa. Tambayi yawan kamfanonin intanet da wurin ke amfani da su. Layi ɗaya bai isa ba: masu aikin titi kan tsinke wayar faiba mai kawo intanet, kuma a watan Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a Nijeriya kwanaki. Faiba da Starlink (intanet na tauraron ɗan'adam), ko faiba da rautar MTN ko Airtel, shi ne haɗin da ke ba da kwanciyar hankali.

Kada ka biya kuɗin wata a ranar farko. Sayi na kwana ɗaya, sannan na mako. A cikin makon ka lura da yawan soket, da wurin alwala da sallah, da ko kuɗin ɗakin taro daban yake, da ko akwai loka mai makulli. Lokacin rufewa ma abin dubawa ne. Landan da Abuja agogonsu ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, amma New York na bayanmu da awa 5 ko 6, wato taron ƙarfe 1 na ranarsu ƙarfe 6 ko 7 na yamma ne a nan, lokacin da wurare da dama sun kulle. Kuma duk inda ka tashi daga tebur, ko ruwa za ka sha, danna maɓallin Windows tare da L ka kulle allon.

Wanda ya zaɓi gida sai ya yi lissafi kafin ya je kasuwa. Kwamfuta na jan kusan wat 60, rauta wat 10, fanka mai caji wat 30. Jimilla wat 100, a awa 8 ya zama wat-awa 800, ka ƙara kashi 20 cikin 100 na asarar da inbata ke yi, ka tashi da kusan 1,000. A nan mutane ke faɗawa rami: batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, amma in na dalma ne, rabinsa kawai ake sha. Wanda ke tatse shi ƙarƙaf kullum zai kashe shi cikin watanni. Na litiyum ya fi tsada, amma ana iya cin kashi 80 nasa ba tare da lahani ba. Mai son Starlink ya tuna cewa babban farantin shi kaɗai na jan wat 75 zuwa 100, wato lissafin ya kusa ninkawa. Mai sola kuma ya riƙa goge faifan lokacin hunturu, don ƙura na rage caji.

Sabis a unguwannin gefe yana da halinsa. Da rana, sa'ad da jama'a suka tafi gari, yana gudu. Da an yi magariba kowa ya dawo ya hau waya, sai ya ja baya har wajen ƙarfe 10. Saboda haka tura manyan fayiloli da safe. Ajiye rauta a bakin taga, a ɗan sama, ba bayan talabijin ba, ka gwada tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya domin bambancin kan yi yawa. Ganawar bidiyo ta awa guda na iya cin gigabait 1, kashe kyamara kuwa na rage shi ƙwarai.

In ku uku ne ko huɗu a unguwa ɗaya, kuna iya kama shago ku haɗa kuɗin inbata da intanet. Ku rubuta tun farko wanda ya sayi kowane kaya, da ranar biyan kuɗin data, da yadda za a raba kayan in wani ya tashi, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.