Yadda Ake Rufe Zoben Adon da ke Jikin Lens na Kyamara, da Inda Ya Dace a Cire Shi

Kamfanonin ƙera kyamara sun daɗe da al'adar ɗaura wa lens ɗinsu siririn zobe mai launi domin a gane darajarsa tun daga nesa. Canon na sanya jan zobe a jerin lens ɗinta masu tsada da ke ɗauke da harafin L, da koren zobe a wasu masu alamar DO, wato masu gilashi na musamman da ke rage girma da nauyi, Nikon kuma na sanya mai ruwan zinariya a da yawa daga cikin manyan lens ɗinta, haka nan tsofaffin Sigma masu alamar EX. Ban da zoben akwai farin rubutun da ke kewaye da gilashin gaba, wanda ke ɗauke da sunan kamfani da tsawon lens da girman filta, wato gilashin tace haske da ake ɗaurawa a gaban lens.

Masu ɗaukar hoto da dama suna son wannan ado ya ɓace, kuma dalilansu masu ƙarfi ne. Wanda ke aiki cikin cunkoson kasuwa ko taron biki ba ya son kayansa su yi ta shelar tsadarsu, wanda kuma ke ɗaukar mutane cikin harkokinsu yana son kyamarar da ba ta jan ido. Henri Cartier-Bresson, shahararren mai hoton nan na Faransa, ya yi suna da liƙa baƙin tef a kan sassan kyamararsa ta Leica masu sheƙi saboda haka. Dalilin da ya fi waɗannan nauyi a wurina shi ne na hoton kansa. Idan aka ɗauki hoto ta bayan gilashin mota ko tagar jirgi, ko aka kusanci kaya masu ƙyalli kamar agogo da gwal, farin rubutun da zoben sukan bayyana a jikin abin da ake ɗauka. Haka kuma idan aka ɗora filta mai duhu sosai domin dogon ɗauka, wato barin kyamara a buɗe na tsawon lokaci tana karɓar haske, haske kan daki rubutun, ya koma bayan filtar, ya faɗa cikin lens, sai a ga haruffa a juye sun yi da'ira a gefen hoton.

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a tantance irin zoben da ke hannu, domin a ido duk kamarsu ɗaya amma gininsu ya sha bamban.

Akwai zoben da tun asali aka ƙera shi domin a cire. Lens ɗin Olympus M.Zuiko 45mm f/1.8 yana da irinsa a baki, mai lamba DR-40, wanda aikinsa kawai rufe haƙoran da ake maƙala hular lens ne, wato rumfar da ke tare hasken gefe; ana riƙe shi da yatsu, a murza kaɗan saɓanin hannun agogo, sai ya fito. Jerin kyamarorin Fujifilm X100, wanda ya fara shiga kasuwa a 2011, shi ma yana da zoben gaba da ake warwarewa domin a ɗaura adafta mai karɓar filta ta milimita 49, haka zoben kyamarar Ricoh GR III da ake zarewa kafin a sa adaftar GA-1. Waɗannan ba su da wata wahala, kuma littafin da ke zuwa da kayan ya bayyana yadda ake yi. Abin lura kawai shi ne a adana zoben a ƙaramar leda a cikin kwalin, domin ƙanƙane ne mai saurin ɓacewa, kuma mai saye na gaba zai tambaye shi. Wanda launin ne kawai bai yi masa ba yana iya neman baƙinsa ya musanya.

Jan zoben Canon da na zinariyar Nikon kuwa ba a yi su domin a cire ba. A wasu lens ɗin siririyar roba ce da aka zaunar a cikin tsagi tsakanin sassan jiki, a wasu kuma fenti ne ko liƙi, don haka fitar da shi na nufin ko dai a karya shi, ko a kankare, ko a kwance gaban lens ɗin. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: kada a cire shi, a rufe shi. Tsagin da zai bari matattarar ƙura ce, garantin kamfani na iya faɗuwa, sannan ranar da aka tashi sayarwa duk wanda ya ga lens na L babu jan zobe zai ɗauka ya taɓa faɗuwa ko an taɓa buɗe shi, ya karya masa farashi.

Nasarar rufewa ta dogara ne kacokan a kan irin tef ɗin da aka zaɓa. Abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne baƙin salatif na masu wayarin, kuma shi ne mafi muni. Na roba ne, yana da sheƙi, yana miƙewa idan aka ja shi sannan ya tsuke daga baya, kuma gam ɗinsa na narkewa da zafi. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, kyamarar da aka bari cikin mota ta wuce haka nesa, sai gam ɗin ya tsattsafo ta gefe, ya kama yatsu, ƙurar hunturu kuma ta zo ta zauna a kansa ta zama baƙin danƙo. Wanda ya dace shi ne tef ɗin gafa, na yadi, wanda masu shirya fim ke ɗaure wayoyi da shi a wurin ɗauka. Ba ya ƙyalli, yana yaguwa da hannu, kuma idan mai kyau ne yakan fita ba tare da barin gam ba. Baƙin tef na takarda marar sheƙi shi ma yana yi, ya kuma fi siranta, sai dai bai kai gafa jure gumi ba.

Da farko a cire lens daga jikin kyamara, a rufe shi gaba da baya da murafansa, a hure ƙura da robar hura iska. A ɗiga sifirit kaɗan a ƙyalle mai laushi, wanda ake kira isopropyl ya fi, a goge zoben da kewayensa domin maiƙon hannu ya fita, a bar shi ya bushe. A ƙyalle ake ɗiga ruwan, ba a jikin lens ba, domin yana iya silalewa ta tsagi ya shiga ciki. Tina da fetur da ruwan goge jan farce kada su kusanci lens ko kaɗan, domin suna cin roba suna kuma wanke rubutu.

Ba a yanka tef a kan lens. A liƙa shi a kan gilashi ko tayil mai tsabta, a ɗora rula ta ƙarfe, a yanka siririn zare da sabuwar reza wanda faɗinsa ya ɗara na zoben da kamar milimita 1 a kowane gefe. Tsawon kuwa ana samunsa ta hanyar kewaya wurin da zare a auna, ko a ninka faɗin jikin lens da 3.14, misali Canon EF 24-105mm f/4L, mai faɗin kusan milimita 83, zai ci wajen santimita 26, sai a ƙara santimita 1 domin bakin ya hau kan ɗan'uwansa. A fara liƙawa daga ƙasan lens, ɓangaren da ke kallon ƙasa idan an ɗaura shi, domin mahaɗar ta ɓuya, a riƙa juya lens ɗin a hankali da hannu ɗaya ana kwantar da tef da babban yatsan ɗaya hannun ba tare da an ja shi ba. Idan ya karkace a ɗago a gyara nan take, sannan a bi gefensa da bayan farce a danne.

Bayan an gama sai a gwada komai. A murza zoben fokas, mai saita kaifin hoto, da na zum, mai jawo hoto kusa ko nisantar da shi, daga farko zuwa ƙarshe, a ɗaura hular lens a cire, a kuma juya ta a ɗaura ta baibai kamar yadda ake yi idan za a sa a jaka, domin a nan ne kaurin gafa ya fi kawo cikas, tunda jan zoben yana dab da haƙoran hular. Kada tef ya hau sashen da ke zamewa ciki idan an zuƙe zum, domin zai kai gam cikin lens. Kada kuma a rufe ɗigon da ke nuna saitin ɗaurawa a gindi, ja a lens ɗin Canon na EF, fari mai kusurwa huɗu a na EF-S, ko tagar da ke nuna nisa.

Farin rubutun gaba ya fi buƙatar nutsuwa, saboda yana maƙwabtaka da gilashi. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a yanko da'ira daga baƙar takarda marar sheƙi, ramin tsakiyarta ya ɗan fi gilashin faɗi, a kafa ta da ƙananan guntayen tef mai gam fuska biyu a kan rubutun, nesa da gilashi da kuma tiredin da filta ke shiga. Daga nan a buɗe lens iyakar buɗewarsa, a mayar da zum mafi faɗinsa, a ɗauki hoton farin bango, a duba kusurwoyi huɗu. Idan sun yi duhu fiye da da, takardar ta shiga hanyar haske, sai a faɗaɗa ramin. Wasu sukan shafe rubutun da baƙin alƙalamin maka, amma ban goyi bayan haka ba, domin tawadar kan yi sheƙin shunayya a rana, kuma idan ta shiga cikin haruffan da aka sassaƙa ba ta fita duka.

A tsofaffin lens na ƙarfe, irin waɗanda ake samu na hannu, zoben rubutun yakan kasance an murza shi ne cikin tiredin filta, kuma masu gyara suna warware shi da wata roba mai siffar kofi da ke kama zoben ba tare da ta taɓa gilashi ba. A sababbi da yawa kuma liƙa shi aka yi da gam. Ko wanne ne, a ƙarƙashinsa akwai sukurori da zoben da ke riƙe gilashin gaba a saitinsa, kuma a wasu lens ɗin sassauta su na gusar da gilashin daga tsakiya, abin da ba ya gyaruwa sai da na'urar auna saiti. Sukurorin kayan Japan ma na tsarin JIS ne, wato ma'aunin masana'antun Japan, sukundireba gama-gari mai kan kuros na iya cinye musu kai. Ƙari a kan haka, lambar shaidar lens a tsofaffi da yawa a jikin wannan zobe take, kuma ita ce hujjar mallaka idan an sace shi. Duk wanda lalura ta sa dole a cire masa shi, to ya kai wa ƙwararren mai gyaran kyamara.

Tef ɗin gafa kansa ba a barinsa shekara da shekaru, domin gam ɗinsa na bushewa ya manne. Ya kamata a sabunta shi bayan 'yan watanni, musamman idan zafin bazara ya wuce. Wajen ɓarewa a ɗaga bakin da farce ko tsinken sakace, kada a sa reza ko allura, a ja a hankali ana kwantar da shi baya a jikin lens ɗin maimakon a fizge shi sama, tunda zoben da aka liƙa da gam yana iya biyo shi. Idan ya yi gardama a ɗan ɗumama shi da na'urar busar da gashi daga nesa na 'yan daƙiƙoƙi. Ragowar gam kuma ana ɗebe shi ta hanyar danna sabon guntun tef a kai ana ɗagawa, abin da ya saura a goge da sifirit a ƙyalle, a bar wurin ya bushe sarai kafin a ɗora sabo.