Abokinka na intanet zai zo Sakkwato daga nesa? Ga yadda za ka tarbe shi, har da zancen kwalbar sake

Bara cikin hunturu na yi baƙo daga Japan, mutumin da muka shekara huɗu muna hira ta waya ban taɓa ganinshi ido da ido ba. Sana'ar fata ta haɗa mu, shi jakunkuna yake ɗinkawa can garinsu, ni kuma gidanmu dukawa ne tun kakanni. Tun da ya koma mutane ke ta tambayata yaya na yi da shi, to ga abin da na sani, mai aboki irin wanga sai ya duba.

Bari in fara da abin da ya fi ba ni tunani. Saura wata ɗaya ya taso ya turo min hoton wata kwalba mai kyau cikin akwatin katako, wai ita ce tsarabar da zai kawo ma babana, sunanta sake. Ana rubuta ta kamar kalmarmu ta sake, amma giya ce, ta shinkafa, ana haɗa ta da ruwa da yis da wani naman gwari da suke kira koji, kuma abin sa mayen da ke cikinta yakan kai kashi 15 cikin ɗari. A wurinsu abin girmamawa ce, da ita ake ɗaurin aure irin na gargajiya, da ita ake shiga sabuwar shekara, har UNESCO ta saka sana'ar haɗa ta cikin al'adun duniya a Disamba 2024. Kenan mutumin nan ba raini ya nufa ba, mafi darajar abin da ke garinsu ya zaɓo ma dattijo. Idan naka ya yi haka kar ka yi shiru don kunya, kar kuma ka bari sai ya iso da ita. Ranar da ka gani ranar za ka faɗa mishi, ka fara da godiya, sannan ka ce mu musulmi ne ba mu sha, ba mu ajiyewa a gida, kuma jiharmu tana kan shari'a tun shekarar 2000, ba abin da za a shigo da shi unguwa ba ne. Ni haka na yi, ya ba da haƙuri ya fi sau biyar har sai da na ce ya isa, kuma na ji daɗin da na faɗa da wuri, don da a tsakar gida ya miƙa ma Baba ita gaban mutane da kunyar ta kama mu duka. Amma fa kar ka hana shi tsaraba gaba ɗaya, su zuwa hannu rabbana abin kunya ne sosai. Ka ba shi zaɓi. Nawa ya kawo koren ganyen shayi da alluran ɗinkin fata. Ka ƙara mishi da cewa ya duba alawa da biskit, wasu akan sa musu giya ko wani abu na alade.

Lokacin zuwa, ka tsaya kan Disamba zuwa farkon Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na wuce digiri 40, mu da aka haifa ciki ma muna jin jiki balle shi. Illar hunturu ɗaya ce, hazo, yakan sa a ɗage jirgi, don haka ranar komawa ka bar mishi kwana ɗaya rara a Abuja kafin babban jirginshi. Biza, katin rigakafin shawara, maganin kariya daga maleriya, waɗannan nashi ne amma ka yi ta tuna mishi. Kuma ku yi kiran bidiyo ko sau biyu ne kafin nan, ka nuna mishi gidan da mutanen gidan, hankalin kowa ya kwanta.

Ka je filin jirgi na Sultan Abubakar III da kanka, kar ka aiki yaro. Ranar farko ba yawo, Japan na gaba da mu da awa 8, ana la'asar za ka ga idonshi na rufewa. Nawa na kama mishi ɗaki a otal mai wuta tsayayya da gidan sauro, abinci kuma a gida, wannan tsarin ya fi min sauƙi kan a takura mata da yara. Ka kai shi ya gaida mai unguwa, a san da zamanshi, ya riƙa yawo da kwafin fasfo saboda shingen jami'an tsaro.

Abinci a rage yaji kwana biyun farko, ruwa na gora kawai, ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba a bar ta. Tuwon shinkafa da miyar kuka bai ba shi wahala ba tunda ɗan shinkafa ne, masa kuwa kullum sai ya nema. Hura da nono ita ce ta tsaya a matsayin kwalbar da bai kawo ba. Inna ta dama ta cikin ƙwarya da kanta, ta miƙa mishi ludayi, ya karɓa da hannu biyu yana sunkuyar da kai, ta dube ni ta ce "wanga yaro yana da tarbiyya, ka ce mishi shi ƙara." Sai dai ka riƙa kare shi, in ya ce ya ƙoshi ka tsaya mishi, don ba zai iya ce ma tsohuwa a'a ba, zai yi ta ci har ya wahala.

Yawon gari ka fara da gidan tarihi na Waziri Junaidu, a nan zai ga rubuce-rubucen hannu da kayan yaƙi na da, sai sauran wuraren su yi mishi ma'ana. Kai ma ka yi bita kafin ranar, don tambaya za ka sha. Ka san hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804, da cewa ɗansa Muhammadu Bello ne ya kafa birnin nan a 1809, Shehu ya rasu a 1817, Turawa suka ci garin a 1903 a filin Giginya. Daga nan Hubbare. Wurin nan ba wurin shaƙatawa ba ne, makwancin Shehu ne, ga jama'a masu ziyara daga ko'ina, don haka kai ka fara shiga kai kaɗai ka gaida masu kula da wurin, ka ce ranku ya daɗe ina da baƙo ba musulmi ba, ina ne iyakar inda zai tsaya, duk abin da suka ce shi kenan, kar ka ja. Dogon wando, riga mai hannu, kyamara cikin jaka sai an ba da izini. Cire takalmi ba sai ka koya mishi ba, a gidajensu ma haka suke. Nawa da na ba shi labarin Nana Asma'u, yadda ta riƙa tura jaji, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata, ya tsaya ya rubuta sunanta cikin ɗan littafinshi. Sai ku bi ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi da masallacin Shehu da na Bello, amma kar ka yi mishi alkawarin ganin Mai Alfarma in ba ka da hanya.

Wuri biyu a rana sun isa, safe da bayan la'asar. Ni inda ya fi daɗewa ma ba ya cikin lissafina, shiyar Madunka, ya zauna kan tabarma awa uku yana kallon wani dattijo na yanka fatar jar akuya, yana shafa ta yana shinshinawa, irin fatar da a da ake ketare sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ka lura da abin da ya haɗa ku tun farko, can za ka kai shi. Kasuwa kuma kai za ka yi ciniki, shi ya tsaya gefe.

Bayan gari ka yi hattara. Wurno, inda kabarin Muhammadu Bello yake, da madatsar ruwa ta Goronyo wurare ne masu kyau, amma kowa ya san halin da gabashin jihar ke ciki, ka tambayi direbobin tasha da mutanen can a ranar, in zuciyarka ba ta kwanta ba ku fasa, kuma ko ina za ku ku dawo kafin magariba. Kar ka riƙa saka hotonshi da inda kuke a Facebook yana gari, ka bari sai ya tahi. Sannan ka ja kunnen 'yan uwa da abokai, ba roƙo, ba a nemo min biza, baƙo ne ba banki ba, wannan na faɗa da kakkausar murya tun kafin ya sauka.

Tsarabar komawa, kowa zai ce kilishi, to kar ka saya. Japan ba ta barin a shiga da nama ko busasshe ne, a filin jirgi za su karɓe, yana iya jawo mishi tara mai nauyi. Ya ci iya cinshi a nan. Mu hula muka ba shi, da takalmin fata, da ludayin da ya sha hura da shi wanda Inna ta wanke ta naɗe cikin ɗankwali ta ce a sa mishi tsakiyar kaya kar ya fashe.